Kafin Ka Saro Rediyo Ko Fanka, Karanta Ƙirar Jikinsu

A layin masu kayan wuta na kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Gaya da Ƙonni har Maraɗi, Ɗan Isa da Magarya, kusan kaya iri guda ne ke cika rumfuna: ƙananan rediyoyi masu cin memori, lasifikoki masu haɗuwa da wayar salula, fitilun caji, fankoki masu batir, butocin dafa ruwa, dutsen guga da wayoyin jona wuta. Kwalayensu duk sun sha ado, kowanne da zanen walƙiya da manyan lambobi. Amma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa a cikin rediyoyi biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, ɗaya zai shekara biyar a hannun mai shi, ɗaya kuwa kafin kasuwa ta zagayo an dawo da shi ana ɓacin rai.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, asarar a kanmu take faɗawa. Mai saye yana da inda zai kai kuka, wato rumfar da ya yi sayayya. Mu kuwa kayan da suka ƙetaro teku, suka hau tirela, aka biya musu duwan, aka canja sefa zuwa naira ko dalar Amurka kafin su iso, babu inda za mu mayar da su. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Manomin da ya sayar da buhun gero ya sayi fitilar sola bai san masana'antar da ke ƙasar Sin ba, fuskar Alhajin da ya miƙa masa kayan ya sani. Saboda haka makamin da ya rage wa ɗan kasuwa shi ne idonsa, tun kafin ya ƙirga kuɗi. Ido kuwa ba ya aiki sai an san abin da ake dubawa, wato ƙirar kayan.

Mece ce ƙira?

A manyan kamfanonin duniya akwai ma'aikata na musamman, dabam da injiniyoyin da ke haɗa kayan ciki, waɗanda aikinsu shi ne yanke shawarar siffar abu: girmansa, nauyinsa, inda maɓalli zai zauna, irin roba ko ƙarfen da za a yi gangar jikinsa da shi, ta inda iska za ta shiga ta sanyaya shi, da yadda za a buɗe shi ranar da ya lalace. Kafin su ja layi ko ɗaya a takarda sai sun amsa tambaya uku: wa zai yi amfani da shi, a wane wuri, kuma da wace irin wuta? Maƙerinmu na gargajiya ma haka yake yi. Hauyar tsaye da ake noman jigawa da ita dabam take da garmar da ake huɗar fadama, alhali duk ƙarfe ne da ƙota.

Tarihin rediyo kansa ya isa misali. Rediyoyin farko manyan akwatuna ne masu ƙwayaye irin na fitila a ciki, masu cin wuta da ɗaukar zafi, sai dai a girke su a ɗaki. A shekarar 1954 aka fito da Regency TR-1 a Amurka, rediyon farko mai taransisto da ya shiga kasuwa, ana sayar da shi kusan dalar Amurka 50. A 1957 kamfanin Sony na Japan ya fito da TR-63, wanda ya tallata a matsayin rediyon aljihu. Labarin da ya shahara a tarihin kamfanin shi ne, rediyon ya ɗan fi aljihun riga girma, sai aka ɗinka wa masu tallarsa riguna masu manyan aljifai. Ashe tun wancan zamani akwai tazara tsakanin talla da gaskiyar kaya, amma dai wannan ƙanƙantawa ce ta fitar da rediyo daga ɗakin attajiri ta kai shi gona da bayan raƙumi.

A Jamus kuma an yi wani gwanin ƙira mai suna Dieter Rams, wanda ya shiga kamfanin Braun a 1955, ya shugabanci sashen ƙira daga 1961 zuwa 1995. Rediyonsa na aljihu T3 na 1958 farin akwati ne kawai, da ƙananan huji na fitar murya da faifai guda na neman tasha. Aƙidarsa ita ce a cire duk abin da ba ya da aiki, kuma kada kaya su yi alkawarin abin da ba za su iya ba. Mutane da yawa sun ga kamar wannan rediyo a jikin iPod da kamfanin Apple ya fitar a 2001. Darasin da ya shafe mu a nan mai sauƙi ne: kowane maɓalli, kowace fitila mai ƙyalli, kowane murfi da aka ƙara wa rediyo, wata ƙofa ce ta lalacewa aka ƙara.

Darasin kaset

Idan mai karatu bai manta ba, shekaru da dama kaset ne ke riƙe da kasuwar sauti, da shi ake jin wa'azi da karatun Alƙur'ani da kiɗan makaɗanmu, da shi ma matafiya ke aiko saƙon murya gida. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Lou Ottens na kamfanin Philips, shi ya jagoranci ƙirarsa, aka nuna shi a bajekolin birnin Berlin a 1963. Kafin a taɓa kayan ciki, sai da ya sa aka sassaƙo guntun katako daidai aljihun kwat ɗinsa, ya ce na'urar ba za ta wuce wannan girma ba. Daga baya Philips ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da wannan ƙira ba tare da biyan kuɗi ba. Wannan ya sa kaset ɗin da aka ɗauka a Kano yake shiga rakodar da aka saya a Makka ko Kumasi. Ma'auni guda shi ne ya gina kasuwar.

Sai dai ba kowace ƙira da ta ci kasuwar duniya ce ta dace da zamanmu ba. Walkman da Sony ya fitar a 1979 ba shi da lasifika, an yi shi domin mutum ya ji shi kaɗai a kunnensa, ko da yake na farko yana da ramin abin kunne biyu don mutum biyu. A nan kuwa sauraro abin taro ne. A fada wajen shan shayi, a teburin mai shayi, a tashar mota, rediyo guda ke ciyar da kunnen mutum goma. Shi ya sa babbar rakoda mai hannun ɗauka da murya mai kauri ta fi karɓuwa a wancan lokaci, kuma shi ya sa a yau lasifika mai maratayi da ramin memori ta gaje ta. Haka nan zangon da rediyo ke kamawa. Tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo a 1963, gajeren zango ya zama abin da dattijo ke fara tambaya, yayin da matashin birni FM ya dame shi. Wani hanzari ba gudu ba, rediyon da aka yi domin cikin gidan Japan zangonsa na FM daga 76 yake tashi ya tsaya a 90, daga baya aka ƙara zuwa 95, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. In irin wannan ya faɗo cikin kayan gwanjo, tashoshi da yawa ba zai kama ba, kuma babu mai gyaran da zai ga laifi a cikinsa domin lafiyarsa ƙalau.

Waɗanda suka tuna da mu wajen zane

Akwai masu ƙira da suka zauna suka yi tunanin ƙasashe irin namu. A 1991 wani Bature ɗan Ingila, Trevor Baylis, ya ga shirin talabijin a kan cutar ƙanjamau a Afirka, inda aka nuna cewa saƙon faɗakarwa ba ya isa ƙauyuka saboda tsadar batir. Sai ya ƙera rediyon da ake murɗa wa hannu kamar agogo, aka fara yinsa a birnin Kef na Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990. Tunanin ya yi kyau, amma farashinsa ya fi ƙarfin talakan da aka yi dominsa, sai ya zama ƙungiyoyin agaji ne manyan masu sayensa. Ƙira ko ta kai ina, in ta manta da aljihun mai saye, a rumfa za ta kwana.

Wayar Nokia 1100 ta 2003 kuwa ta haɗa duka. An yi mata maɓallai na roba a haɗe don kada ƙura ta shiga, gefenta ba ya santsi a hannu mai gumi, ga tocila a ka, ga batir mai kwanaki. An sayar da fiye da miliyan 250. Kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda aka kafa a 2006, shi ma wannan hanya ya bi: layi biyu a waya guda, rediyon FM, murya mai ƙarfi, batir mai juriya, da kamarar da aka daidaita don baƙar fata. Zuwa 2017 ya wuce kowa yawan sayar da waya a Afirka. Ɗan kasuwar iyaka da ke riƙe da layin Nijar da na Nijeriya a aljihu guda ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin layi biyu.

Ta fannin haske ma haka ne. Wani Ba'amurke, Sam Goldman, ya yi aikin sa-kai a ƙasar Benin, inda yaron maƙwabcinsa ya ƙone da fitilar kananzir. Da ya koma gida sai shi da abokinsa Ned Tozun suka kafa kamfanin d.light a 2007 don ƙera ƙananan fitilun sola. A wannan shekara ce kuma Bankin Duniya ya buɗe shirin Lighting Africa, wanda ya kafa ma'aunin gwada ingancin fitilun sola, aikin da tun 2020 ake gudanarwa da sunan VeraSol. Kayan da suka ci wannan gwaji ana jera sunayensu a intanet, kuma daga cikin sharuɗɗan akwai cewa abin da aka rubuta a kwali ya zama gaskiya, sannan a ba mai saye garanti. Mai saro sola da yawa, wannan jeri ya cancanci ya sa yaronsa mai boko ya duba masa.

Iyaka ta raba har bakin filogi

Abin da ya bambanta mu da ɗan kasuwar cikin ƙasa shi ne, muna sayarwa ga mutanen ƙasa biyu, kuma Turawan mulki sun bar wa kowace ƙasa irin nata ramin wuta. Nijar, Benin da Kamaru sun gaji tsarin Faransa, mai ƙafafu zagayayyu. Nijeriya da Gana sun gaji na Ingila, mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda aka fito da shi a 1947. Filogin Ingila yana da fiyus a cikinsa, wanda ba ya wuce amfiya 13, ramin bangon kuma yana da ƙyaure da ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga, don kare yara. Duk mun sha ganin ana cusa tsinke ko makulli a ramin sama don a tura filogi mai ƙafa biyu. Wannan wasa da rai ne, kuma filogin da bai zauna daram ba yakan yi tartsatsi ya ɗau zafi.

Akwai lissafin da ya kamata kowane mai rumfa ya riƙe. Siririn filogin Turai mai ƙafa biyu, irin na caja da rediyo, amfiya 2.5 aka yi shi ya ɗauka, wato wajen wat 550 a wutarmu ta bolt 220. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 kuwa tana jan amfiya 9. In ka haɗa ta da ɗan adafta mai araha ko siririyar wayar jona wuta, roba za ta narke, kuma da yawan gobarar kasuwa da ta gida daga irin wannan take tashi. Saboda haka mai sayar da dutsen guga da buta ya tambayi mai saye wane ɓangaren iyaka zai kai, ya ba shi mai filogin can, ya huta da adafta. Wayar jona wuta kuma a kankare bakinta a gani: in ciki fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, in kuma mayen ƙarfe ya kama ta, baƙin ƙarfe ne.

Sai ƙarfin wutar kanta. Amurka bolt 120 take amfani da shi, Japan 100, mu kuwa 220 zuwa 230. Kayan gwanjon da aka yi domin can, daƙiƙa guda ta isa su ƙone a nan. A juya bayan kaya a karanta: in an rubuta 100–240V, ko'ina zai yi aiki, kuma ya fi jure wutar da ke hawa da sauka. In 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma.

Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar, ba a maido ba sai a Maris 2024. A watannin nan fitilun caji da fankokin sola sun yi kasuwa, kuma a nan aka gane na ƙwarai da na banza. Kayan da ke karɓar caji ta hanya fiye da ɗaya, wato kuran, sola da batirin mota mai bolt 12, su suka fitar da masu su kunya.

Ƙura da zafi, alƙalan kayanmu

Yawancin kayan wuta an gwada su ne a ɗakuna masu sanyi marasa ƙura. A nan kuwa hunturu na cusa ƙura a kowace kafa, bazara kuma zafi na haura digiri 40 a Ƙonni da Maraɗi. Akwai alamomi biyu da ke gaya mana ko an yi tunanin wannan.

Ta farko ita ce haruffan IP da lambobi biyu a bayansu. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6: in 5 ce ƙura kaɗan ke shiga ba ta hana aiki, in 6 ce ba ta shiga sam. Lamba ta biyu ta ruwa ce: 4 na jure fantsama, 7 na jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci. In aka ga X a maimakon lamba, ba a gwada wannan ɓangare ba ke nan. Lasifika mai IPX7 an yi ta ne da tunanin masu zuwa bakin teku, ba ta yi alkawarin komai a kan ƙura ba. Wadda ta dace da mu ita ce mai 5 ko 6 a farko, kamar IP54 ko IP65.

Ta biyu a jikin firij take, wanda wasunmu ke kira firigo. A takardar da ke manne a ciki ko a baya akan rubuta ajin yanayi. SN da N an yi su don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST na kai 38, T kuma 43. Firijin gwanjo da aka kwaso daga Turai galibi N ko SN ne, shi ya sa a watan Afrilu injinsa ke ta gurnani ba hutu, ya sha wuta, ƙanƙara ta ƙi kamawa, ƙarshe ya ƙone. Ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firij tun 2013 saboda yawan cin wutarsu. Mai sayen firij don sana'ar ƙanƙara ko zoɓo, a nuna masa mai harafin T.

Batir ma zafi ne ajalinsa. Fankoki da fitilun caji da yawa suna ɗauke da batirin darma, ɗan ƙanen na babur. Ƙa'idar da masu wannan fanni suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana cinye rabin kwanan irin wannan batir, kuma in ya yi watanni a ajiye ba caji yakan mutu ko ba a taɓa kunna shi ba. Kayan da suka yi wata biyu a teku, suka jira a tashar jiragen ruwa, suka zo suka kwanta a sito mai rufin kwano, sun fara tsufa tun suna cikin kwali. A duba ranar ƙira, kada a tara fiye da abin da za a sayar a ƴan watanni, wanda ya jima kuma a riƙa ba shi caji. Batirin litiyom ya fi sauƙin nauyi da jure ajiya, amma shi ma ba ya son a bar shi a rana.

Lambobin kwali

Babu inda ake sharara ƙarya kamar wajen ƙarfin murya. Za ka ga ƴar lasifika da ba ta fi kwanon sha ba an rubuta mata 1000W ko 3000W, da haruffan PMPO a gefe. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowace masana'anta abin da ta ga dama take rubutawa. Na gaskiya shi ne mai haruffan RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a ɗore. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan wannan, saboda rikicin ya daɗe. Lissafi kaɗan ya isa ya tona asiri: batir mai bolt 3.7 da 1,200mAh, in da gaske wat 1,000 ake ja daga gare shi, cikin daƙiƙa 16 zai ƙare. Na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta ci. A duba bayanta a ga wutar da take ci, a ɗaga ta a ji nauyin mayen ƙarfen da ke cikin lasifikar, sannan a ƙure murya a ji ko za ta fara karkarwa.

Haka batirin nan mai kamar yatsa da ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na manyan kamfanoni yawanci tsakanin 2,000 ne da 3,500mAh, nauyinsa wajen giram 45. Wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ka ɗora shi a ƙaramin sikeli za ka tarar ba shi da nauyi. Fitila kuwa da lumen ake auna haskenta, ba da yawan ƙwayayen da aka jera a fuskarta ba. Alamar CE da ke kan kusan kowane kwali, ga yawancin irin waɗannan kaya masana'anta ce da kanta ke shaidar cewa ta bi ƙa'idar Turai, don haka ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Masu shigar da kaya Nijeriya kuma sun san da takardar SONCAP da hukumar ingancin kaya ta ƙasar ta fito da ita a 2005.

A tambayi mai gyara

Duk kayan wuta zai lalace wata rana, abin tambaya shi ne ko an ƙera shi don a gyara. Wanda aka ɗaure da sukurori ana buɗewa a mayar. Wanda aka manne da gam sai an fasa. Rediyon da ke cin batirin da ake samu ko'ina, kamar manyan pil na tocila, ko 18650, ko faffaɗan batirin tsohuwar Nokia mai lamba BL-5C da masana'antu da yawa suka ara, in batir ya mutu an canja an ci gaba. Wanda aka binne wa batir a ciki kuwa, ranar da batir ya mutu ranar ya zama shara. Ramin caji ma haka: tun 28 ga Disamban 2024 Tarayyar Turai ta wajabta ramin USB-C a kan wayoyi da ƙananan lasifikoki da ake sayarwa a can, don haka masana'antu sun karkata gare shi, kuma ya fi tsohon siririn ramin ƙwari da sauƙin sakawa. Faransa ma a Janairun 2021 ta fara sa a manna wa wasu kaya maki cikin 10 na sauƙin gyara, a lokacin har da talabijin da wayoyi.

Mu ba mu da wannan maki, amma muna da wanda ya fi shi sanin gaskiya, wato mai gyaran da ke zaune a ƙarshen layi da dalma da ƙarfen liƙi. Shi ya san fankar da aka naɗe injinta da jan ƙarfe da wadda aka naɗe da alminiyon, ya san rediyon da eriyarsa ke karyewa, da fitilar da maɓallinta ke fara mutuwa. Kafin ka zuba jari a kwali hamsin na sabon samfuri, sayi guda ɗaya ka kai masa ya buɗe a gabanka, ka bar shi mako guda yana aiki a rumfa cikin ƙura da rana. Kuɗin wannan guda ɗaya da ladan mai gyara ba su kai asarar kwali ɗaya ba.

Kira ga manyanmu masu zuwa saro kaya

A ƙarshe muna da magana da alhazanmu da ke zuwa Dubai da Guangzhou, ko suke aika oda ta waya. Masana'antun can daidai kuɗinka da bayaninka suke ƙera maka. In abin da ka ce kawai shi ne a rage farashi, za a rage, amma daga kaurin waya da nauyin batir da ingancin roba za a cire, kwalin kuma a ƙara masa ado. In kuwa ka ce kana son rediyo mai gajeren zango da FM, mai batirin da ake cirewa, mai sukurori, mai maratayi mai ƙwari, da filogin ƙasar da za ka kai, wannan ma za a yi. Ashe ɗan kasuwa ma yana da hannu a ƙira, domin shi ne ya san mai saye ido da ido, ya san ƙurar Damagaram da zafin Gaya, abin da mai zane a Shenzhen bai taɓa gani ba.

Araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba mu ce a daina kawo kaya masu sauƙin kuɗi ba, domin kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da muke cewa shi ne mai rumfa ya san abin da ke cikin kwalinsa, ya faɗa wa mai saye gaskiyar wannan na wata shida ne, wancan na shekaru ne, ya bar shi ya zaɓa. Wanda aka gaya wa gaskiya ko kayan sun mutu zai dawo ya sayi wani, wanda aka ruɗa kuwa har ƴan garinsu zai hana zuwa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara da gobara, amin.